Littafin da Baba Tsani Ya Juya

Shagonmu na littattafai ba wani babba ba ne. Ɗaki ne dogo siriri, ƙofa a gaba, babbar taga a gefenta, sai wata 'yar tagar gilashi can saman ƙofa wadda babu mai kula ta sai gizo-gizo. Kantocin littattafai sun tashi tun daga ƙasa har rufi, fanka ɗaya tana juyi a tsakiya tana kukan tsufa. Daga mahaifina na gaji shagon, kuma tare da kantocin da fankar na gaji Baba Tsani.

Sunan ya samo asali ne daga tsanin katakon da yake hawa ya sauko da littattafan sama. Babu mai taɓa masa tsanin nan, ko ni da nake biyansa albashi. Yana saurayi ya shigo shagon, yana ɗaukar wa mahaifina kwalaye tun ba a haife ni ba, yanzu ga shi furfura ta cinye kansa har gira. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'yarsa tilo tana aure a nesa, shi kuma yana kwana a wani ɗaki a saman shagon tela, can ƙarshen layinmu. Kullum shi yake riga ni zuwa. Zan same shi ya share ƙofa, ya fito da teburin tsofaffin littattafai ƙarƙashin rumfa, ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, sannan ya fara taɓa takarda. Idan kana so ya tsane ka har abada, to lashi yatsa a gabansa ka buɗe shafi.

Baba Tsani yana da in'ina. A hira ba ta cika damunsa ba, amma idan aka ce ya karanta abu a fili, ko da sunan littafi ne a jikin kwali, sai harshen ya ƙulle, jijiyoyin wuyansa su tashi. Mahaifina ya taɓa gaya mini cewa dalilin barinsa makaranta ke nan. Malami ya tsayar da shi gaban aji, yara suka yi ta kwaikwayonsa, washegari bai koma ba. Amma karatun zuci kam, Allah ya ba shi. Ban san littafin da ya kwana a shagon nan bai leƙa cikinsa ba. To da yake baki ba ya ba shi haɗin kai, sai hannu ya karɓi aikin. Ka shigo ka ce kana neman abin karantawa, ba zai tanka maka ba. Zai dube ka sama da ƙasa, ya ja tsani, ya hau, ya sauko ya danƙa maka littafi, ya juya ya ci gaba da abin da yake yi. Kada ku ɗauka kullum yake dacewa. Ya taɓa danƙa wa wata amarya littafin kiwon zuma, ta dubi littafin, ta dube ni, ta fita ba ko sallama. Har yau yana nan a kan bakansa cewa ita ce ba ta gane ba.

Akwai wata doka da mahaifina ya kafa, wadda ban taɓa ganin irinta a wani shago ba. Idan mutum ya ga littafi yana so amma bai shirya ɗauka ba, ba ma rubuta sunansa, ba ma cire littafin daga kanta. Juya shi muke yi, ɓangaren da ke ɗauke da suna ya koma ciki, farin bakin takardun ya fuskanci waje. Duk wanda ya ga fari a cikin jeri ya san wannan yana da mai shi. Wanda ya juya shi kaɗai ke da ikon mayar da shi, kuma ba a tambayarsa wa ya ajiye wa, domin mahaifina yana cewa abin da mutum yake karantawa sirrinsa ne. Ni da nake da faɗa kamar me, ban taɓa karya dokar nan ba.

Mutum ɗaya ne a duniya Baba Tsani yake sakin baki da shi, shi ne Direba. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, ƙato, mai magana da ƙarfi kamar har yanzu inji na ruri a bayansa. Ya yi ritaya tun ina 'yar makaranta, kuma tun lokacin duk Asabar da yamma sai ya zo, littafin makon jiya a hammata. Baba Tsani ya riga ya zaɓa masa na gaba, ya juya shi tun farkon mako. Sai su wuce can ƙuryar shago, su zauna a kan kwalaye, butar shayi a tsakaninsu, su kafa musu.

Direba zai ce, "Wannan marubucin naka bai taɓa jin yunwa ba, ka ji yadda yake ba da labarinta!"

Baba Tsani ya ce, "Kai ne ba ka ta-taɓa jin magana ba."

Abin mamaki, da zarar musun ya yi zafi sai in'inar ta gudu, ka ji Baba Tsani yana zuba kamar famfo, har sai na buga tebur na ce, "Haba Baba, akwai mutane fa!" Direba bai taɓa zaɓar littafi da kansa ba. Yana cewa shi layin dogo ya sani, inda aka ɗora shi nan yake bi. Wannan maganar kuwa Baba Tsani ya fi jin daɗinta a kan albashinsa.

Tun farkon shekarar nan abin ya fara yin sanyi. Direba yana zuwa, yana karɓar littafi, yana shan shayi, amma musu ya mutu. Baba Tsani ya tambaye shi yaya ya ga na makon jiya, sai ya ce, "Ba laifi." Shi ke nan, ba laifi. Mutumin da ke iya cinye yamma guda a kan shafi ɗaya! Baba Tsani ya shiga damuwa. Ya hau tsani ya sauko, ya zaɓo na yaƙi, ya zaɓo na tafiye-tafiye, ya zaɓo na ban dariya, amsar dai ɗaya ce. Wata rana muna ɗaure kwali ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, "'Yar Maigida, ko ha-hannuna ne ya lalace?" Na ce masa tsufa ne ya kama Direba, ya rabu da shi. Na ga bai yarda ba.

Ana cikin haka dogon hutu ya zo da zafinsa. Mu a sana'armu farkon hutu barci ne, ƙarshensa kuma yaƙi, domin a lokacin iyaye ke tuna cewa 'ya'yansu za su koma makaranta. Don haka nakan ɗauki ƙarin hannu. Bana sai na ɗauki wata malamar firamare da ke koyarwa a wani gari mai nisa, ta zo hutu wajen mahaifiyarta a bayan layinmu. Malama muke ce mata.

Ni fa ba zan ɓoye muku ba, ba ta kwanta mini ba. Ba don ta yi mini komai ba, ai da ta yi da na samu abin kamawa. Ba ta makara, ba ta danna waya a bakin aiki, ba ta gulma. Fara'a ce da ita kamar an biya ta. Kafin wata ya zagayo mutanen da na sani tun suna goye sun fara shigowa suna leƙe ta bayana suna cewa, "Ina mai fara'ar nan?" Ni kuma fa? Kujera ce? Yaran unguwa da nake kora saboda suna lanƙwasa mini shafi, sai ga su zaune a ƙasa sun kewaye ta, shiru kamar ruwa ya cinye su. Har tela ya fara shigowa, mutumin da bai taɓa karanta komai ba sai awo. Ina zaune a bayan teburin ciniki ina cika ina batsewa, ita ko a jikinta, sai ma ta waiwayo ta ce, "Anti, in haɗa miki shayi?"

Baba Tsani da farko bai damu da ita ba. Ba ta taɓa masa tsani ba, ba ta lasar yatsa, har yakan gyaɗa mata kai da safe. Sai wata Asabar na aike shi karɓo kwalayen littattafan makaranta, mota ta lalace musu a hanya, bai dawo ba sai dab da rufewa. Direba ya zo ya yi ta jira a kan kwali shi kaɗai. Ina can ina fama da wata uwa da ke neman ragi kamar za ta cire mini ido, na hango Malama ta je ta tsuguna kusa da shi suna magana ƙasa-ƙasa. Da Baba Tsani ya shigo yana haki, ya tarar da Direba zai fita da littafi biyu, wanda ya bar masa a wurina, da wani mai koren bango da bai san da zamansa a hannun Direba ba.

Asabar ta gaba tun daga bakin ƙofa muka ji muryarsa.

"Kai! Kai! Matar nan mai jirgin fito ta cikin koren littafin nan! Ka san ta? Ƙaninta ya ɓace, ita kuma ta ƙi barin bakin kogi, kowa ta ɗauko sai ta tambaye shi. Wallahi jiya ko abinci ban iya ci ba!"

Direban da muka sani ne ya dawo, da ƙarar muryarsa da dukan cinya da komai. Baba Tsani yana tsaye da butar shayi a hannu.

"Wa-wa ya ba ka?"

"Malama mana."

"Nawa fa?"

Direba ya ce, "Naka? Ba laifi."

Allah na tuba, na ji tausayin tsohon nan. Ya ajiye butar a hankali, ya zuba shayi, ya zauna. Direba ya yi ta zuba labarin mai jirgin fito, shi kuma yana kallon kofi. Da aka tashi bai raka shi ƙofa ba.

Daga ranar Baba Tsani ya canja. Ya daina gyaɗa wa Malama kai. Idan ta jera littattafai sai ya bi bayanta ya sake jerawa, alhali ba abin da ya karkace. Ta ce masa ina kwana, ya amsa wa kantar littattafai. Sai kuma ya tsiri wani sabon aiki, wai goge 'yar tagar saman ƙofa. Tagar da rabonta da tsumma tun mahaifina yana raye, sai ga ta tana ƙyalli. Kullum da rana, daidai lokacin da Malama ke fita cin abinci, sai ya ja tsani ƙofa ya haye. Na kasa haƙuri na fita na duba abin da yake kallo. A tsallaken titi akwai benci a ƙarƙashin bishiya, kusa da inda ake jiran mota. Direba ne zaune, ya jingina da sandarsa, Malama a gefensa da koren littafin nan a buɗe. Ashe mutumin da muke gani sau ɗaya a mako yanzu kullum yana layinmu, shagon ne dai ba ya shigowa.

Na dawo na tsaya a gindin tsani na ce, "Baba, sauko kada ka faɗo mini."

Bai sauko ba. Ya ce, "Ka-karanta masa take yi. Har da hannu, har da kaɗa kai. Sai ka ce yaro ta samu. Shi kuma ya wa-wangale baki."

"To ina ruwanka?"

"Iyayi ne. Nuna murya ne kawai." Ya murza gilashin da ƙarfi har na ji yana ƙara. "Mutum da idonsa."

Ni ma a lokacin haka na ɗauka, iyayi ne. Na ma ji daɗi da na samu mai taya ni.

Littafin mai jirgin fito kashi biyu ne. Na ɗaya yana ƙarewa ne daidai inda matar ta hango wani mutum a tsallaken kogi yana ɗaga mata hannu, ba ta tabbatar ko ƙanin nata ba ne. Na biyun kwafi ɗaya ya rage mana, can a kantar sama kusa da rufi, kuma waɗanda suka buga shi sun daɗe da rufewa. Malama ta hango shi wata yamma daga ƙasa, ta yi tsalle kamar yarinya, ta ce gobe za ta roƙi Baba ya sauko mata da shi. Baba Tsani yana bayan wata kanta yana ji. Da gari ya waye, inda koren bango yake jiya, farin bakin takarda ne ke kallonmu.

Malama ta tsaya ta daɗe tana kallon sama. Sannan ta je ta same shi cikin ladabi.

"Baba, littafin can na sama, jiya ba a juye yake ba."

"Yau a juye yake."

"Don Direba nake so. Mun kusa gama na ɗaya."

"Ya-yana da mai shi."

Ta zo wurina, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Anti, don Allah ki sa baki. Hutu ya kusa ƙarewa, in na tafi..." Sai ta katse maganar, kamar wadda ta tuna an hana ta faɗin wani abu. Na gyara zama na karanto mata dokar mahaifina daga farko har ƙarshe, da murya irin ta masu shago. Karon farko ke nan da na ga fara'ar nan ta ɗauke, kuma ba zan ce muku raina ya ɓaci ba.

Amma abin ya tsaya mini. Da yamma muna shigo da teburin waje, ni da shi, na ce, "Baba, tsakaninka da Allah, wa ka ajiye wa littafin nan?"

Ya ce, "Mahaifinki bai ta-taɓa tambayata ba."

"Mahaifina bai taɓa ganin kana leƙen mutane ta taga ba!"

Ya saki gefensa na teburin, saura kaɗan ya faɗo mini a ƙafa, ya wuce ciki. Na bi bayansa da harara. Sai da na rufe shago na fahimci lissafinsa. Jira yake hutu ya ƙare, Malama ta tattara ta koma inda ta fito, sannan ya sauko da littafin ya miƙa wa Direba da hannunsa. Na ɗaya ya fito daga hannunta, to ƙarshen labarin daga hannunsa zai fito, ko ana so ko ba a so.

Direba da kansa ya yi magana ranar Asabar. Bai yi hayaniya ba, ya dai juya kofi a hannu ya ce, "An ce akwai na biyun a sama."

"Yana da mai shi."

Direba ya ajiye kofin. Can ya ce, "To Allah ya sa mai shi ya fasa da wuri. Malama ta kusa tafiya."

Da bai ambaci sunanta ba, wataƙila da an sauko da littafin a ranar. Ina kallon fuskar Baba Tsani, na ga ta haɗe kamar an ja zare.

Daga nan kuma aiki ya rufe mu. Zafi ya fara ja da baya, rana ta daina kaiwa kantar tsakiya da yamma, har akwai safiyar da muka manta ba mu kunna fanka ba. Iyaye suka cika shago, wannan na jan yaro, wannan na rantsuwa bara ba haka kuɗin yake ba, wannan ya zo neman littafin lissafi bai san ajin ɗansa ba. Muka yi ta ɗaure kwalaye, muka yi ta kwance kwalaye. A cikin wannan hargitsi Malama tana satar lokaci tana buga waya shaguna, tana tambayar ko akwai mai na biyun. Babu. Suka gama na ɗaya a kan benci, matar tana tsaye a cikin jirginta, mutumin yana ɗaga hannu a tsallake. Baba Tsani ya ba ni rahoto daga saman tsani cewa yau an rufe littafi, suna zaune kawai suna kallon motoci. Da murmushi ya faɗa.

Ranar da za ta tafi ta zo sallama da jakarta a kafaɗa. Ta rungume ni, na bari. Ta je gindin tsani ta ɗaga kai.

"Baba, na gode da zama. In mai littafin bai zo ba, don Allah ka ba Direba. Amma kada ka ba shi ya tafi da shi gida. Ka zauna da shi."

Baba Tsani ya ce, "Ni za ki ko-koya wa zama da shi?"

Ta buɗe baki, ta rufe, ta ce Allah ya bar zumunci, ta fita. Ya bi ta da kallo ta tagarsa har ta hau mota.

Asabar ɗin da ta biyo baya, shago ya yi shiru, yara sun koma makaranta. Baba Tsani ya zo da riga a goge, har da turare. Ya wanke kofuna, ya jera kwalayen zama, ya hau tsani ya sauko da littafin, ya share masa ƙura da gefen hannun rigarsa. Direba ya shigo a hankali, ba sallamar nan mai tsorata mutane. Kafin ya gama zama Baba Tsani ya miƙa masa da hannu biyu, fuskarsa kamar ta ango.

Direba ya karɓa, ya shafa bangon, ya auna nauyinsa a tafin hannu.

"Na biyun ne?"

"Shi ne."

"Mai shi ya fasa?"

"Ka-kai ne mai shi. Kai na ajiye wa."

Direba ya yi wata dariya da ba ta da daɗin ji. Ya ɗora littafin a gwiwa ya ce, "Ka ajiye mini, sai da idona ya hau mota ya tafi."

Baba Tsani bai gane ba. Ni ma da nake bayan tebur ina yi kamar ina aiki, ban gane ba.

Direba ya ce, "Ba na gani, mutumina. Hanya ina gani, fuskarka ina gani dishi-dishi, amma rubutu ya tafi tun farkon shekara. Likita ya ce ba ya dawowa. Duk littattafan da ka ba ni tun lokacin, ko ɗaya ban karanta ba. Yarinyar nan kallo ɗaya ta yi mini ta gane, ta ce haka yaran ajinta ke yi in ba sa hango allo. Ni na sa ta rantse ba za ta faɗa ba."

Baba Tsani ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Da ƙyar ya ce, "Me-me-me ya hana ka gaya mini?"

"In gaya maka ka yi yaya? Ka karanta mini?" Direba ya girgiza kai. "Na san abin da karatu a fili yake yi maka. Ban so in sa ka a wannan halin ba. Kuma na ji tsoro in ka sani ka daina zaɓa mini, Asabar ɗin ma ta mutu. Ita kaɗai ta rage mini."

Wallahi ji na yi kamar in nutse. Na tuna benci, na tuna idon Malama da ya kawo ruwa, na tuna yadda na gyara zama ina karanto mata doka. Baba Tsani kuwa ya sunkuyar da kai, ya daɗe a haka, shayi yana hucewa. Sai ya miƙe. Na ɗauka fita zai yi. Ya je wurin famfo ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ya goge, ya dawo ya ɗauke littafin daga gwiwar Direba, ya sa tabarau, ya buɗe shafin farko.

Ban taɓa jin abu mai wahala irin wannan ba. Kalmar farko ta maƙale masa, ya ja, ya ja, jijiyoyin wuya suka tashi, gumi ya keto masa alhali garin ba zafi. Ta fito. Ta biyu ma haka. Wani mutum ya turo ƙofa yana neman biro, na ce masa mun tashi, na tura shi waje na sa sakata. Direba ya rufe ido, ya haɗa hannu a kan sanda, bai taya shi ko kalma ɗaya ba. Layi ya bi layi, yana tuntuɓe yana tashi, har matar ta tura jirginta cikin ruwa, har ta buɗe baki za ta kira mutumin da ke tsallake.

Sai Direba ya ce, ido a rufe, "Ita fa in matar ce ke magana, takan canja murya."

Baba Tsani ya ɗago, ya zare tabarau. "Ita, ita, ita! Ba ka da zance sai ita! In ita kake so ka hau mota ka bi ta!" Ko in'ina ɗaya babu.

"Ni dai na gaya maka yadda ake yi."

Baba Tsani ya yi tsaki, ya mayar da tabarau, ya waiwayo ya ga ko ina kallo. Na duƙa ƙarƙashin tebur kamar ina neman wani abu. Daga can na ji tsoho mai furfura har gira ya matse murya, ta fito siririya tana rawa, yana kiran ƙani a tsallaken kogi. Na toshe bakina da mayafi, ban san ko dariya nake dannewa ko kuka ba.

Da ya kai ƙarshen shafi ya tsaya yana numfashi. Sannan ya tambaya ƙasa-ƙasa, "To wa-wa ya fi?"

Direba ya ce, "Ita mana. Ci gaba."

Baba Tsani ya yi ƙwafa, ya gyara zama a kan kwalin, ya juya shafi.